Ranar da Hular Ƙanzo Ta Faɗi

Ni ba na kallon fim. Matata Hafsatu ce mai kallo. Ita da yara su kan jingina salula, wayar hannu, da gwangwanin madara, su baje bisa tabarma su yi ta ƙyaƙyata har maƙwabta su leƙo. Ni direba ne, sunana Na Allah, hanyar Tasawa zuwa Mayahi nake bi. In na dawo gida bayana ke ciwo, ruwan zahi nake nema ba dariya ba. Amma ko wanda ba ya kallo ya san Ƙanzo.

Sunanshi na yanka Mumuni, mutumin Tchaké ne, sai dai in ka ce Mumuni ba wanda zai gane wa kake nuhi. Gajere ne mai tumbi, kullum da wata hula ruwan ƙasa da yake dannawa har bisa kunne. Ya yi maigadi, ya yi tela, ya yi boka, ya yi baƙo, kuma ko mi ya zama cikin fim sai ya yi faɗuwar nan tashi. Da abu ya rutsa da shi, ido ya juye, baki ya karkace, gwiwa ta lanƙwashe, ya zube ƙasa kamar buhun da aka zazzage. Ba ya farkawa sai an ambaci abinci. Yaran unguwarmu har gasa suke, wa ya hi iya faɗuwar Ƙanzo, su dawo gida riga duk ƙasa uwaye na faɗa.

Ranar da nake magana cikin damina ce, gero ya hitar da kai. Ina bisa mota a tashar Tasawa ina ɗaure kaya, sai na ji tasha ta ɗauki ihu. Na duba, ga shi nan ya shigo da ƴar jaka a kafaɗa da wani ƙunshi a hammata. Masu shayi suka bar tebur, ƴan dako suka sauke kaya.

"Ƙanzo! Faɗi mana ɗaya!"

"Ku bar ni yau, jama'a. Ba ni jin daɗi."

Wannan ma dariya suka yi mata. Da ya ga ba za su ba shi hanya ba, ya aje ƙunshin, ya juya ido, ya zube. Ni daga sama nake, don haka na ga abin da na ƙasa ba su lura da shi ba: kahin gwiwarshi ta taɓa ƙasa, hannunshi na dama ya riga ya dahe hula. Wata mai hura ta ce, "An dama!" Ya zabura ya tashi zaune yana lasar baki, tasha ta kaure. Bai kai ga motata ba masu saida gyaɗa suka tare shi, wai su ba su gani ba, sai ya sake. Ya sake masu. Hannu bisa hula, kamar ɗazu.

Sarkin tasha ya ce a bar mashi gaba shi kaɗai. Na sauko na shiga in tada mota, na iske shi ya sunkuya, ya ɗaga hular kaɗan yana share zufa da gehen riga. Rabin kanshi ba gashi. Fata ce a tattare, tana sheƙi, wani wuri fari wani wuri baƙi, tabon wuta tun daga goshi har ƙeya. Ya ga na gani. Ya maida hula.

"Ka gani, ka aje a cikinka," ya ce. Muryar ba ta fim ba ce, ta dattijo ce da ya gaji. "Ina rarrahe na faɗa murhu. Yara suka sa mani Ƙanzo. Sunan na karɓa, na ci abinci da shi, amma kan ba ni bari a gani."

"Ni ba ruwana da kan kowa."

"Madalla. Ka tahi da ni a hankali. Tun jiya kaina ke sara kamar ana daka a ciki. Na sha ƙwayoyin ƴan talla, ba su yi komi ba."

"Mi ya hana ka kwanta gida?"

Ya shafa ƙunshin da ke bisa cinyarshi. "Ɗiyata Ramlatu ta haihu a Mayahi. Jikan fari. Gobe suna. Ko bisa jaki ne sai na je."

Mota ta cika. A kujerar da ke bayana akwai Hajiya Tanna, mai saida atamfa a kasuwar Mayahi, na saba ɗaukarta, yau da kwanon ƙwan zabi bisa cinya an jera cikin ƙaiƙayi. Sai Zubairu, saurayi mai gyaran salula. Sai Malam Bube, Bahillace, da gorar nono a hannu da buhun kanwa bisa mota, zai sauka rabin hanya wurin wata babbar tsamiya, daga nan ya taka zuwa rugarsu. Sauran suna can baya, ban san su ba.

Ba mu yi nisa da Tasawa ba gardama ta tashi.

"Ni dai baƙon nan," in ji Hajiya Tanna. "Wanda ya zo kwana guda ya share damina. Duk sanda maigida ya ce yaushe za ka koma, sai ya zube. Wallahi har ƙanen mijina na kira, na ce zo ka ga kanka a salula."

"Haba Hajiya, ai ba a yi kamar maigadi ba," Zubairu ya ce. "Ɓarayi suka shigo, ya sume. Suka kwashe shago, suka dawo don kujerar da yake zaune, suka ja shi da ƙafa suka aje gehe. Da sahe ya ce ma mai shago ya gode Allah, da ba don shi ba da ginin ma sun ɗauka."

Malam Bube bai cika magana ba, amma ya sa baki. "Wanda ya sayi saniya yana tsoronta. Ya je tatsa ya kare huska da faifai. A rugarmu sai da batir ya mutu, aka kai gari aka cika, aka sake kallo."

Wani daga baya ya ce duk ba su san fim ba, boka ne fim, bokan da aljaninshi ya yi gyaran murya ya riga masu neman magani gudu. Hajiya ta ce wannan na yara ne. Suka yi ta yi, kowa na kwaikwayon murya, shi kuwa mai abin ya jingina kai da kujera ya lumshe ido.

"Baba Ƙanzo, kai wanne ka hi so?" Zubairu ya tambaya.

"Tela."

"Don mi?"

"A zaune na yi shi."

Suka kwashe da dariya. Ya juyo wurina. "Kai fa, direba?"

"Ban ga ko ɗaya ba."

"To alhamdu lillahi. Yau na shiga motar mai hankali."

Hajiya Tanna ba ta bar shi ba. Ta matso ta kama bayan kujerarshi. "Don Allah, don darajar iyaye, yi mana maganar baƙo. Wurin da maigida ya kawo mashi jakarshi bakin ƙofa. Sau ɗaya dai, in je in ba kishiyoyin kasuwa labari."

Ya ja numfashi. Ya ɗan juya. "Maigida," ya ce, "ai ni da kai..."

Ya tsaya. Ya sake ɗauko maganar, sai ta hito a tauye, kamar bakinshi cike da tuwo. Na waiga. Bakin ya zame ƙasa ta gehen dama. Jikinshi ya sulale wajen ƙofa, kanshi ya bugi gilashi, hular ta zame, ta faɗo bisa giya, ta gangara ƙarƙashin ƙafafuna.

Mota ta fashe da dariya. Hajiya na tafa cinya, na baya na bubbuga kujera. Zubairu ya zaro salula ya fara ɗauka. Su daga baya kafaɗarshi kawai suke gani, kujera ta kare masu kan. Ni kuwa ga kan nan a buɗe kusa da ni, tabon na sheƙi.

Na dubi hannunshi na dama. Yana kwance bisa ƙunshin kayan jariri. Na jira ya tashi ya nemi hula. Na dubi hanya, na sake duban hannun. Yana nan inda yake.

"Mumuni," na ce a hankali.

Shiru.

"An dama hura!" Hajiya ta ƙwala. Bai motsa ba. Dariya ta ƙaru.

"Ja mana rai yake," in ji Zubairu. "A fim ɗin ma sai da aka ce da nono da sukari."

"Da nono da sukari, baƙo!"

Yawu ya fara zuba daga gehen bakinshi yana sauka bisa riga.

Na san abin da ke jirana in wasa ne. Zubairu na ɗauka. Kahin in koma Tasawa bidiyon ya riga ni isa: ga direban da Ƙanzo ya sa ya yi gudun likita. Har in mutu da shi za a riƙa kirana a tasha, kuma ni mutum ne da ba ni son raini. Mutumin nan sana'arshi ke nan, yau da sahe na ga ya yi sau biyu, ya tashi ya karkaɗe riga. Ina cikin wannan lissahi na kai hannu giya, sai na ji an cafke mani wuyan hannu. Hannunshi na hagu ne. Sanyi ƙalau, kuma riƙon ba na wasa ba ne, farce har cikin fata. Idonshi ɗaya na buɗe yana kallona. Na taɓa ganin irin wannan ido wurin rago da aka kayar.

Na zare tawul ɗin da ke wuyana na yafa mashi a kai. Na taka mota.

Hanyar nan jar ƙasa ce, kuma damina ta cinye ta. Inda na saba lallaɓawa in kauce ma rami, yau bisa kai nake bi. Mota na tsalle, kaya na ƙara a sama.

"Kai direba, a hankali, ƙwai gare ni!" Hajiya ta ce, har yanzu da dariya a bakinta. "Ku dai ba ku iya tada shi ba. Malam Bube, miƙo gorar nan."

Ta cire marhin gora, ta miƙo hannu ta saman kujera tana laluben bakinshi. Mutumin da ba ya iya haɗiye yawunshi za a ɗura ma nono, mota na gudu. Na hizge hannuna daga riƙonshi na kaɗe gorar. Nono ya watsu bisa gilashi da cinyata.

"Na Allah! Haukacewa ka yi?"

"Ba wasa yake ba."

"Ku ji! Ya kama direba ma!" wani ya ce daga baya. Dariyar da suka yi wannan karon ta hi ta farko. Zubairu ya juyo da salula kaina. "Kawu, ɗan waigo, a ga huskarka."

Ban waigo ba. Ƙanzo ya fara wani irin numfashi mai ƙara, kamar minshari amma ba minshari ba. Su suka ce ai haka maigadi ya yi. Ni kuwa duk ja ɗaya sai in ji kamar ba za a yi na gaba ba.

Tsamiyar Malam Bube ta bayyana. Ya ƙwanƙwasa ƙarhen mota. "Nan, direba. Nan ne."

Na wuce.

"Direba! Tsamiya ta wuce!"

"Na gani."

Nan dariya ta fara komawa faɗa. A aikinmu ba a wuce ma mutum masauki. Ko kana rigima da shi, ka tsaya ka sauke shi da kayanshi, in ba haka ba sandika, ƙungiyarmu ta direbobi, ta aje ka. Mutumin baya mai son fim ɗin boka ya ce ya san sarkin tasha, yau sai na gane kurena. Wata mata ta fara salati, ta ce direba ya sha wani abu. Muka faɗa wani rami da ban gani ba, kaina ya bugi sama, na ji ƙwan Hajiya sun yi ƙwas a cikin kwano.

"Ya kashe ni! Na Allah, wallahi sai ka..."

"Ki yi ta zagi, Hajiya, ki dai riƙe kujera."

Akwai wani gari a bakin hanya mai ƴar ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, da pano na wutar hasken rana bisa ruhin kwano. Nan na nufa. Na tsaya dab da ƙofa har ƙura ta shiga ciki. Majo, mai kula da wurin, ya hito da farar riga yana goge hannu. Ya leƙa ta gilashi, sai huskarshi ta washe.

"Kai! Ƙanzo a likitata?" Ya ga salular Zubairu a sama, ya gyara wuyan riga. "Sabon fim ne? Ni mi zan yi a ciki, allura zan yi mashi?"

"Majo, mutumin nan ba shi da lahiya."

"Ai na sani, na sani. Sai an dama hura."

Kahin ka ce mi, garin ya taru. Mata da goyo, maza da hauya a kafaɗa, masu jiran magani ma sun taso daga benci. Ana ta kiran suna, Ƙanzo, Ƙanzo. Fasinjana sun hito suna ba mutane labari, rabi na dariya rabi na zagina. Na zagaya na buɗe ƙofarshi, ya taho zai faɗo, na tare shi da ƙirji. Nan na ga wandonshi ya jiƙe. Na gyara tsayuwa na kare shi da jikina.

Na yi magana, ba mai ji. Na ɗaga murya, suka ce direban ma ya iya. Majo na neman wanda zai ɗauke shi hoto kusa da mota. Numfashin nan kuwa na ƙara nauyi a kunnena.

Ƙanzo ya ce in aje maganar kanshi a cikina. Ɗazu-ɗazu ya ce, kuma na amsa. Na dubi tawul ɗin da ke kanshi, na dubi mutanen nan da haƙoransu a waje. Na kama tawul na yaye.

"Hajiya Tanna! Zo nan. Ke da kika haddace finafinanshi. A wanne kika taɓa ganin kan nan?"

Ta matso da kwanon fasassun ƙwai a hannu, bakinta a buɗe za ta ci gaba da faɗa. Ta ga tabon. Rana na dukanshi, ba abin da ya ɓoyu. Bakin ya tsaya a buɗe.

"Ina hular?" ta ce.

"Tana ƙarƙashin birki. Tun tuni nake taka ta."

"Da aka sheƙa ma baƙo ruwan tulu," ta ce, kamar da kanta take magana, "hular ya riƙe."

Zubairu ya sauke salula a hankali. "Da ɓarayi suka ja shi da ƙafa ma. Hannunshi na kai."

"Saniya ta harbe shi, ya faɗa cikin kashin shanu," in ji Malam Bube. "Bai sake ta ba."

Dariyar ta mutu daga gaba ta bi ta baya, har wurin ya yi tsit, sai kukan wani jariri da wannan numfashi. Hajiya ta aje kwano a ƙasa. Majo ya ruga ciki ya dawo da abin awon hawan jini, ya ɗaura mashi a hannu yana matsawa. Ya dubi allurar, ya yi wata magana da Faransanci. Ban ji ba, amma huskarshi ta gaya mani.

"Jini ne ya hau ya bugi kai," ya ce. "Nan ba ni da abin da zan yi mashi. Ambilans ta hita da mai naƙuda tun sahe. Kai shi asibitin Mayahi yanzu. A kwantar da shi bisa gehe. Kada a ba shi komi a baki, ko ɗigon ruwa."

Hajiya ta dubi nonon da ya bushe bisa gilashi, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Ban roƙi kowa ba. Na baya suka sauke kayansu da kansu, har mai cewa ya san sarkin tasha, shi ya kama ƙafafu muka kwantar da shi a kujerar tsakiya. Malam Bube ya shiga ya ɗora kan bisa cinyarshi.

"Malam Bube, rugarka na baya."

"Shanu ba su mutuwa don kanwar yini guda. Tahi."

Na laluɓo hular daga ƙarƙashin birki, duk sawun takalmina. Na karkaɗe na miƙa mashi. Ya sa mashi ita, ya dahe da tahin hannu, kuma bai ɗaga hannun nan ba har muka isa.

Hajiya ta koma gaba, Zubairu ya tsuguna a baya. Gero na wucewa dama da hagu, dogo, ya ruhe ko'ina, ba ka ganin komi sai hanya. Ni kunnena ba ya wurin inji, yana wurin numfashin da ke bayana. In ya ja, in saki nawa.

Gaba kaɗan muka iske ruwa ya kwanta ya raba hanya, tabki sosai. Jiya na san inda ake bi, amma an yi ruwa tsakani, alamar ta nutse. Ranar da ba gaggawa, tsayawa nake in jira babbar mota ta wuce in ga zurhin. Yau ba mota ko ɗaya. In na shiga inji ya sha ruwa, nan za mu yini, kuma nan zai cika.

Zubairu ya sauka. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Ruwa ya kai mashi gwiwa, ya koma dama, ya sauka zuwa ƙauri, ya ɗago hannu. Na sa giya ta ɗaya na bi bayanshi. Ruwa na bugun ƙasan mota, tayar baya ta fara juyawa wuri guda. A daidai nan na daina jin numfashin.

"Bube. Yana numfashi?"

"Tuƙa motarka."

"Na ce yana..."

"Tuƙa motarka, direba!"

Na danne haƙora na ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Ta yi gurnani, ta zame, ta kama ƙasa, ta hau. Muna hita na ji ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Hajiya ta fashe da kuka. Zubairu ya faɗo ciki jiƙe sharkaf, ƙofa ma a guje ya ja ta.

Da goribar gulbi ta fara bayyana rezon salula ya dawo. Zubairu ya zaro ƴar salular Ƙanzo daga aljihun riga, ya nemo sunan Ramlatu, ya kira. Muna jin muryarta, da ƙarar daka a bayanta, matan gida na shirin suna.

"Baba, kun iso? In sa a zo tasha?"

Zubairu ya dubi Hajiya. Hajiya ta karɓe salular ta share hawaye.

"Ɗiyata, ba ki san ni ba, sunana Tanna. Babanki ba ya jin daɗi, muna kai shi asibiti. Turo mijinki. Ke ki zauna, jego kike, kada ki hito."

Ranar kasuwa ce, bakin asibiti cike da ƴan kabu-kabu. Muna buɗe ƙofa wani ya gane shi. "Ƙanzo ne!" Salula suka fara tashi sama, har wani ya fara cewa an dama. Hajiya Tanna ta ɓalle ƙullin kayanta, ta zaro sabuwar atamfa, ta warware ta. Ta kama baki ɗaya, Zubairu ya kama ɗaya, suka yi mana labule tun daga mota har ƙofa.

"Duk wanda ya leƙo, Allah ya isa," ta ce. Ba wanda ya leƙo.

Ma'aikata suka karɓe shi da gado mai taya. Malam Bube ya bi su da hannu bisa hula har sai da aka ce ya tsaya nan.

Muka zauna ƙarƙashin itacen bedi. Mijin Ramlatu ya iso, Kabiru sunanshi, na ba shi jaka da ƙunshin kayan jariri. Na ce ma Zubairu ya ba ni salularshi.

"Na riga na goge, Kawu."

"Sake gogewa."

Ya nuna mani wurin, ba komi.

Aka yi azahar, ba labari. Duk wanda ya hito da farar riga sai mu miƙe, ya wuce. Sai bayan la'asar likita ya kira Kabiru gehe. Na kasa zama, na bi su. Ya ce yana da rai, kuma an kawo shi da sauran dama. Ɓarin dama ba ya motsi. Magana kuwa, sai abin da Allah ya yi.

Na maida Malam Bube tsamiyarshi da buhun kanwa kahin magariba. Ƙarnin ƙwai da nono ya daɗe cikin motata. Maganar sandika ba wanda ya kai ta.

Sai da aka yanke gero na je ganinshi. Yana gidan Ramlatu, an aje mashi kujera a inuwa, jaririn na kwance bisa tabarma kusa da ƙafarshi. Ya rame, tumbin ya tahi. Bakin na nan a karkace. Yaran unguwa sun jeru bisa katanga suna leƙe, suna jiran ya yi wani abu, Ramlatu na kora suna dawowa.

Na gaishe shi. Ya daɗe yana tattaro magana, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita.

"An ce... ka buɗe... kaina."

"Na buɗe."

"Gaban... mutane."

"Garin duka. Har mata."

Ya lumshe ido. Na zauna ina jira, na riga na shirya ma duk abin da zai ce.

"Sun... yi dariya?"

"A'a. Nan ne suka daina."

Ya dubi jaririn. Can ya ce, "Ka... kalli... fim?"

"Hafsatu ta sa mani na tela."

"Ka yi... dariya?"

"Ban yi ba. Wandon da ka ɗinka ma liman ƙafa ɗaya ta hi ɗaya, ni haushi ya ba ni. Da ni ne sai ka biya yadi."

Kafaɗarshi ta fara rawa. Wata ƙara ta hito daga maƙogwaronshi, na zabura na miƙe, Ramlatu ta sako daga ɗaki da gudu. Dariya yake. Kanshi ya karkata, hular ta fara zamewa ta gehen kunne. Na kai hannu zan tare, ya riga ni. Hannun hagu ne ya tashi, a hankali, ya dahe ta ya danna. Na dama na kwance bisa cinya, yatsu biyu sun ɗan motsa.

"Zauna... direba," ya ce. "An dama... hura."

Na zauna. Ramlatu ta kawo kwanon da ludayi biyu.